Tanki mai cin lita 60: wane sikilid zan zuba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A Jos nake zaune. Na sayi ƙaramin tankin gilashi mai cin lita 60, kuma a shagon na ga wasu kifaye, wasu ruwan ɗorawa wasu shuɗi, mai shagon ya ce sikilid ne na Tafkin Malawi. Ina so in ɗauki shida. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, riƙe kuɗinka tukuna.

Waɗannan kifaye mbuna ake ce musu, reshe ne na sikilid, wato dangin karfasa. A cikin duwatsun gaɓar Tafkin Malawi suke rayuwa, kowane namiji da raminsa, kuma ba ya lamuntar wani ya leƙa. Mai ruwan ɗorawan nan, Labidochromis caeruleus, shi ne mai sanyin hali a cikinsu, amma shi ma yakan kai santimita 10. A shago 'yan yara ne, shi ya sa ka gan su lafiya lau. Bari su tasa. Ɗaya zai gaje tankin, sauran su raɓe a lungun sama bayan bututun filta (na'urar tace ruwa), launi ya dushe, wutsiya a yayyage, su daina cin abinci, kana tsamo gawa ɗaya bayan ɗaya. Mbuna sai tankin da ya kai lita 200, mai tsawo, da duwatsu jibge.

Ni dai da nawa ne, ɗan gida zan zuba. Kiribensis, wato Pelvicachromis pulcher, asalinsa rafukan kudancin Nijeriya ne da Kamaru, ko da yake mutane da yawa na ɗaukarsa kifin Turai. (Karfasar da muke soyawa ma danginsu ɗaya.) Namiji ɗaya da mace ɗaya, kada ka ƙara. Ka kifa musu rabin ɓawon kwakwa ko ƙaramar tukunyar ƙasa da aka fasa wa ƙofa. Idan macen ta shirya, cikinta zai yi ja jawur, ta dinga lanƙwasa jiki a gaban namijin, sannan ta shige kogon ta yi kwanaki ba ka ganinta sosai. Wata safiya sai ka ga ta fito da 'ya'ya biye da ita kamar kaza da 'yan tsaki, uban na gadi daga gefe. Wannan kallon kaɗai ya biya ka.

In kuwa lallai sai na manyan tafkuna kake so, nemi Neolamprologus multifasciatus na Tafkin Tanganyika. Namijinsa bai wuce santimita 5 ba, kuma a cikin katantanwa yake zama. Shida za su zauna a tankinka, in ka shimfiɗa yashi mai laushi ka watsa katantanwa biyu ko uku ga kowanne. Sai dai ruwa mai gishirin ma'adinai yake so, pH (ma'aunin tsami ko kanwar ruwa) 8 ko sama, don haka sai an sa dakakken murjanin teku a filta. Kiribensis kuwa wajen pH 7 ya ishe shi. Kada ka haɗa su.

Sai maganar Jos. Kifayen nan duka ruwa mai ɗumin digiri 24 zuwa 27 suke so, kai kuma ka san daren Disamba da Janairu a garin nan. Hita mai wat 50 zuwa 75 dole ce. In an ɗauke wuta cikin hunturu, lulluɓe tankin da bargo, ka kunna ƙaramin famfon iska mai batir.

Kuma kada kifi ya shiga ranar da ka cika ruwa. Kashinsu yana zama amoniya, guba ce, kuma ƙwayoyin halittar da ke cinye ta sai sun yi sati 4 zuwa 6 kafin su zauna a soson filta. Ka bar filtar tana aiki kana ɗan barbaɗa abinci. In kana da abokin da tankinsa ya daɗe, roƙi tsohon sosonsa, zai rage maka jira. Ruwan famfo a ɗiga masa maganin da ke cire kulorin, kuma a ruwan tankin ake wanke soso, ba a bakin famfo ba. Duk sati ka canza rubu'in ruwan.

Sayi abin gwajin pH ka auna ruwan gidanku, na famfo ne ko na rijiyar burtsatse, ka turo mini abin da ya nuna, sai mu tsayar da wanda za ka saya.