Girin kad gare ni, zan iya rajistar zaɓe a Amurka?

TAMBAYA: Salam Malam, da fatan kana lafiya. Ni ɗan Damagaram ne ina zaune a Bronx a birnin New York, girin kad (katin izinin zama na dindindin) gare ni, ban zama ɗan ƙasa ba tukuna. Na je sabunta lasin tuƙi sai na ga wajen rajistar zaɓe a jikin fom ɗin, abokina ya ce in cike kawai ai ba mai tambaya ta wata takarda. Haka ne?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Don Allah kar ka taɓa wajen nan. Gaskiyar abokinka ɗaya, a yawancin jihohi ba a cewa kawo fasfo ko takardar haihuwa, tun dokar 1993 ofishin lasin kan miƙa wa mutane fom ɗin rajista. Amma akwai ɗan akwatin da ke tambaya ko kai ɗan Amurka ne, kana yin maki a "eh" ka sa hannu to rantsuwa ka yi. Tun 1996 laifi ne baƙo ya jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya, kuma ƙaryar zama ɗan ƙasa kaɗai ta isa a tasa ƙeyar mutum gida, ga shi ranar da ka je neman zama ɗan ƙasar sai sun tambaye ka ko ka taɓa yin rajista, sunanka kuwa yana nan a kwamfuta. Abokin naka ba shi zai tsaya gaban alƙali ba.

Maganar takarda kuwa ita ake ta rigima a kai. 'Yan Rifablikan na son kowa ya nuna takardar shaidar zama ɗan ƙasa kafin rajista, ƙudurinsu SAVE Act ya wuce Majalisar Wakilai a Afrilun 2025, 'yan Dimokurat suka ce 'yan ƙasa na gaskiya abin zai fi cutarwa, kamar matar da ta koma sunan miji alhali takardar haihuwarta na ɗauke da sunan gidansu. Ni dai ina ganin ƙorafinsu da ƙamshin gaskiya, don jihar Kansas ta gwada, aka tsayar da rajistar mutum sama da 30,000 kafin kotu ta soke dokar a 2018. Arizona kam tun 2004 take neman shaida.

Ka haƙura sai ranar da ka yi rantsuwa aka ba ka satifiket ɗinka, sannan ka yi rajista, ka nemi fasfo kuma ka tabbatar rubutun sunanka iri ɗaya ne a duk takardun.