Amsar tambayar Kawu: abin da ya kai jami'o'in Kalifoniya gasar gabashin Amurka

(An rubuta wannan murya ce saboda waɗanda data ba ta ishe su sauraro ba. Kawu ne ya yi tambaya jiya: yaronsa ya samu tayin gurbin karatu na ƙwallon kwando a wata jami'a da ke yammacin Amurka, kuma an ce masa wasu wasannin sai an yi awa biyar a jirgi zuwa gabas. Kawu ya ce shin makarantun kusa sun ƙare ne? Ga amsar da ɗan'uwanmu mazaunin can ya turo.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Kawu barka da asuba, ko da yake mu nan yanzu muka idar da isha'i. Ina gaida manya, ina gaida ƙanne. A yi haƙuri, muryar za ta ɗan ja.

Kawu, makarantun kusa suna nan, ba inda suka je. Da a ce kafin 2024 yaron nan ya zo, da duk yawonsa a yamma zai ƙare. Kuɗin talabijin ne ya yamutsa hazo, kuma ba ma kuɗin ƙwallon kwando ba, na ƙwallon Amurka, wannan da ake sa kwalkwali ana gware. Ita ce uwar riba. Duk inda ta juya, sauran wasanni bin ta suke yi, ko suna so ko ba sa so.

Da farko a cire wasan jami'a irin namu daga rai. Filin jami'ar Michigan kaɗai yana cin mutum sama da 107,000. Wembley 90,000 take ɗauka. To makaranta ce fa ke da wannan, kuma ranar Asabar sai ya cika maƙil. Makarantun nan haɗa kansu suke yi rukuni-rukuni, kowane rukuni da gasarsa, sannan su haɗa haƙƙin nuna wasanninsu su sayar wa gidan talabijin a dunƙule, a raba kuɗin. Kamar dai manoman ƙauye ɗaya su tara wakensu wuri guda su sayar wa babban dila. Matsalar ita ce ran da mai babbar gona ya fara lissafin cewa wakensa ne ke jawo mai saye, amma rabo ɗaya ake ba shi da mai ɗan fegi. Daga ranar zama ya fara lalacewa.

Asalin abin tun 1984 ne. A da hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, ita ce ke riƙe da haƙƙin talabijin na kowa, ita ke cewa sau kaza za a nuna ka. Jami'ar Oklahoma da ta Georgia suka kai ta ƙara, Kotun Ƙoli ta ce hukumar ba ta da wannan hurumin. Shi ke nan kasuwa ta buɗe. Zuwa 1991 Notre Dame ita kaɗai ta fara cin kwantiraginta da gidan talabijin na NBC, kuma har gobe ba ta cikin rukunin kowa a ƙwallon Amurka.

Sai a 2007 rukunin Big Ten ya buɗe tasharsa ta kansa da haɗin gwiwar Fox. Nan dabarar take, ku saurara. Kun san yadda mutum ke biyan DStv, a cikin kuɗin har da tashoshin da bai taɓa buɗewa ba? To haka a can ma. Duk gidan da tashar ke cikin kunshinsa yana biya, ko tsohuwa ce da ba ta san ana buga ƙwallo ba. Shi ya sa a 2014 suka ɗauko Rutgers da Maryland. Wallahi ba don iya ƙwallo ba. Rutgers tana New Jersey, gab da New York, Maryland kuma tana gefen Washington. Gidaje aka saya, makarantun gyara ne.

Girgizar da ta shafi yaronka ta fara ne a Yulin 2021, da Texas da Oklahoma suka ce za su bar rukunin Big 12 su koma rukunin SEC. Har dala miliyan 100 suka yarda su bari don su fita da shekara ɗaya kafin wa'adi. Ita SEC ɗin, a lokacin tashar CBS na biyan ta kusan dala miliyan 55 a shekara don babban wasan Asabar, ESPN ta zo ta ce miliyan 300. To wa zai tsaya?

Big Ten ta ga haka ta ce ba za a bar ta a baya ba. Ranar 30 ga Yunin 2022 aka wayi gari USC da UCLA, duka a Los Angeles suke, sun ce za su bar Pac-12, rukunin makarantun yamma, su koma can. Ba a yi wata biyu ba Big Ten ta sa hannu da Fox da CBS da NBC, shekara bakwai, sama da dala biliyan 7. Wasa tun tsakar rana a Fox, la'asar a CBS, dare a NBC. Ka ga ai taswirar a ofishin 'yan talabijin aka zana ta, shugabannin jami'a hannu kawai suka sa.

Yanzu bari in zo kan Pac-12, don nan ne abin ya fi ci mini rai, a yankinsu nake zaune. Rukuni ne da tushensa ke komawa 1915. Sun fi kowa tara kofunan ƙasa idan aka haɗa duk wasanni, har kirari suke yi wa kansu da shi. Amma ni a ganina ba kashe su kawai aka yi ba, da hannunsu a ciki dumu-dumu. A 2012 suka buɗe tasharsu, suka ce su ba sa son abokin tarayya, su kaɗai za su mallaka. Sai ga shi DirecTV, kamfani irin DStv na can, ta ƙi ɗaukar tashar, kuma har aka rufe ta ba ta ɗauka ba. Mutum yana zaune a Kalifoniya, makarantarsa na wasa, amma bai da inda zai gani. Ga kuma agogo da ba ya goyon bayansu: in an take wasa ƙarfe 7:30 na dare a nan, a New York 10:30 ta yi, kuma kusan rabin mutanen ƙasar a agogon gabas suke. A gida kuwa wajen uku da rabi na dare ne, ko mai gadi ya fara gyangyaɗi.

Bayan tafiyar 'yan Los Angeles, an ruwaito ESPN ta yi musu tayin miliyan 30 ga kowace makaranta, su kuma suka ce sai 50. Suna can suna jan aji, sabon shugaban Big 12, Brett Yormark, ya tsallake layi. Kwantiraginsa bai ƙare ba amma ya je ya sabunta da ESPN da Fox a ƙarshen 2022, kusan miliyan 31 ga kowace makaranta. Kuɗin da ya rage a kasuwa ke nan, ya kwashe. Shugaban Pac-12, George Kliavkoff, ya shekara yana cewa a ƙara haƙuri. Da ya tashi kawo abin da ya samo, sai ga tayin Apple, miliyan 20 da 'yan kai, wasannin a intanet, ƙarin kuɗi kuma sai gwargwadon waɗanda suka yi rajista. Wato a ci yau da alkawarin gobe.

Colorado ta riga ta gudu a ƙarshen Yulin 2023. Ranar Juma'a 4 ga Agusta kuwa ba zan manta ba. Da safe ana cewa za a sa hannu, kafin dare Oregon da Washington sun tafi Big Ten, Arizona da Arizona State da Utah sun tafi Big 12. Makaranta biyar a wuni ɗaya. Kuma Oregon da Washington ba cikakken rabo aka ba su ba, kusan miliyan 30 ne, wajen rabin na sauran, suka ce sun ji sun gani. Nan za ku gane ba kwaɗayi ne kawai ba, tsoro ne. Kowa na gudun a rufe ƙofa yana waje.

Stanford da Cal na Kalifoniya, waɗanda ke kallon tekun Pasifik, suka ƙare a ACC, rukunin da sunansa ma ke nufin gaɓar Atlantika. SMU ta Dallas ta fi kowa ban mamaki, ta ce a shigar da ita, ta yafe kuɗin talabijin na shekara tara, attajiran tsofaffin ɗalibanta za su cike giɓin. Sunaye duk sun zama abin dariya. Big Ten, wato goma, yanzu 18 ne. Big 12 kuma 16.

Aka bar makarantu biyu a kango, Oregon State da Washington State. Ƙananan garuruwa suke, Corvallis da Pullman, ba yawan gidajen da za a sayar wa ɗan talabijin. Akwai wani dattijo maƙwabcina, tun yana saurayi yake bin Oregon State, duk Asabar sai ya kafa tutarsu a ƙofar gida. Na same shi washegari yana ban ruwa a lambunsa, na yi masa jaje kamar an yi rasuwa, shi ma kuma haka ya karɓa. Makarantun nan biyu sun je kotu sun karɓe ikon rukunin da dukiyarsa, sannan suka juya kan na ƙasa da su, Mountain West, suka ɗebo Boise State da Fresno State da San Diego State da wasu. Wanda aka ci shi ma ya samu wanda zai ci. Mountain West ita ma ta miƙa hannu ta ɗauko UTEP, makarantar da 'yan tserenmu Tobi Amusan da Blessing Okagbare suka yi. Ita Amusan ɗin ma a filin jami'ar Oregon ta kafa tarihin duniya a 2022. Ka ga har ƙofarmu abin ya iso.

Na ga wani ƙanenmu ya rubuta cewa ai wannan Super League ce. Ka yi kusa. Waccan ta Afrilun 2021, manyan ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na Turai 12 suka fito da ita don su ware gasarsu, magoya baya a Ingila suka fita titi, ba ta kwana uku ba ta watse. A nan an yi ta ƙorafi, amma Asabar na zuwa kowa ya kunna talabijin. Kuma ku tuna babu faɗawa ajin baya, babu hawa. A Ingila ƙaramar ƙungiya in ta dage za ta hau da ƙafarta. A nan sai an gayyace ka, mai gayyatar kuma yawan masu kallonka yake dubawa. Florida State da Clemson ma sun so ɓallewa daga ACC, sai dai sun riga sun jinginar da haƙƙin nuna wasanninsu har 2036, ko sun tafi kuɗin na rukunin ne. Sai da aka sha shari'a aka yi sulhu a 2025.

To Kawu, gaskiya biyu ce a nan, kuma dole in faɗe su duka. Kuɗin ƙwallon Amurkan nan shi ke ciyar da yawancin sauran wasanni, da iyo da guje-guje da ƙwallon raga. Gurbin karatun da yara irin naka ke samu, da wannan tukunyar ake dafa shi. Ba zan zage ta gaba ɗaya ba. Amma su 'yan ƙwallon Amurka wasa 12 suke yi a kaka, sau ɗaya a mako, yawanci Asabar, a jirgin shata. Ɗan kwando yana buga wajen 30, har da tsakiyar mako. Daga Los Angeles zuwa New Jersey kusan kilomita 4,000 ne, ga bambancin awa uku, a dawo cikin dare, da safe akwai aji. Waɗanda aka yi canjin dominsu su ne suka fi kowa samun sauƙi. Chip Kelly, lokacin yana kocin UCLA, ya ce kamata ya yi a ware ƙwallon Amurka daban a bar sauran wasanni su buga da maƙwabtansu. Ni ma ra'ayina ke nan, kuma har yau ban ji hujjar da ta karya shi ba.

Abu na ƙarshe, kada yaro ya ji ana cewa yanzu ana biyan 'yan wasa ya fara gina bene a ransa. Gaskiya ne tun 2021 ɗan wasa na iya cin kuɗin talla da sunansa, kuma a 2025 kotu ta amince da wani sulhu da ya ba kowace makaranta damar raba wa 'yan wasanta har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Sai dai kaso mafi tsoka na 'yan ƙwallon Amurka ne. Sannan shi da bizar ɗalibi zai shigo, ita kuma tana da tsauri kan aiki da karɓar kuɗi. Kada ya sa hannu a komai sai ya zauna da ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantar.

Kafin ya amsa tayin, ya tambayi kocin kai tsaye: kwana nawa aka yi a hanya a kakar da ta wuce, jirgin shata ake hawa ko na kasuwa, akwai malamin da ke bin su tafiya don karatu, kuma gurbin na shekara huɗu ne ko na shekara-shekara da ake sabuntawa. Ya nemi amsar a rubuce. In ya samu, Kawu ka turo mini ta gefe in duba, kada a sa a nan. A gaida su Inna. Wassalamu alaikum.