Hukuncin yi wa kare dandaƙa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina da gonar kaji da ƴan awaki a bayan gari, sai na ajiye kare namiji saboda ɓarayi, yanzu watansa 8. Da can lafiya lau yake amma kwana biyun nan ya canza hali, dare na yi zai haure katanga ya bi ƴan uwansa, shekaranjiya ma da kunne a yage ya dawo duk jini a wuyansa, maƙwabta sun fara kawo ƙara. Likitan dabbobi yace a yi masa dandaƙa, wani abokina kuma yace haramun ne wai canza halittar Allah ne. Sannan akwai wani dattijo dake yi wa bunsuraye da roba yace in kai masa shi ya ɗaure. Dan Allah Malam meye hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Toh ɗan uwa, ajiye karen dai ba ka da matsala a kai, domin hadisin Abu Huraira dake Bukhari da Muslim wanda yace duk mai ajiye kare ana rage masa ƙiraɗi ɗaya na lada kullum, shi da kansa ya cire karen farauta da na kiwo da na gona, naka kuwa gadin dabbobi yake yi.

Abokin naka ba daga sama ya ɗauko maganarsa ba, kada ka raina shi. A Suratun Nisa'i aya ta 119 Shaiɗan yayi alwashin zai umarci mutane su canza halittar Allah, kuma akwai magabata da suka fassara wannan da dandaƙar dabbobi. Imam Malik ma ya kawo a Muwaɗɗa cewa Abdullahi ɗan Umar yana ƙin a yi. Malaman Shafi'iyya irin su Imam Nawawi sun tsananta, suka ce dabbar da ba'a cin namanta haramun ne a dandaƙe ta, kaga a wajensu kare ya shiga ciki kenan.

Amma fa ba'a nan magana ta tsaya ba. An ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) yayi layya da raguna biyu dandaƙaƙƙu, da ace abin haramun ne ta kowace fuska ai da wuya a zaɓe su a kusanci Allah da su. Ibn Abi Zaid a Risala, wadda duk muka karanta a zaure, yace babu laifi a dandaƙe tumaki da awaki saboda naman yana gyaruwa, amma an hana a dawaki. Ka lura da kyau, ya halatta inda akwai amfani, ya hana inda akwai asara, tunda doki ana buƙatar ƙarfinsa da irinsa. Shi yasa masu sharhi a mazhabarmu suka ce ko dokin ne in ya zama mai cizo ya gagari mutane to ya halatta a yi masa. Hanafiyya kuma har kyanwa suka ambata, in akwai amfani ko kauda cuta babu komai.

Dan haka abinda nake gani shine ya halatta ka yi wa karenka, saboda dalilinka na gaske ne ba ado ba ne ko kwaikwayo. Karen da ke kwana a bola yana faɗa da karnukan da ba'a san lafiyarsu ba, wata rana zai iya kwaso haukan kare ya kawo maka gona, cutar da in alamunta suka bayyana a jikin mutum sai dai addu'a, ga yara na shiga gonar, ga haƙƙin maƙwabta.

Sai dai maganar dattijo mai roba, wannan kam ban yarda ba sam. Wallahi na taɓa ganin karen da aka yi wa haka, kwana da kwanaki yana kwance ƙarƙashin amalanke yana kuka yana gatsar wajen da haƙoransa, wurin ya kumbura ya ruɓe ƙuda na bi, har yau in na tuna raina ɓaci yake. Wannan azabtarwa ce, kuma kasancewarsa kare bai sa alhakinsa ya faɗi ba. Annabi (SAW) yace Allah ya wajabta kyautatawa akan komai, mace ta shiga wuta saboda kyanwa, wani kuma aka gafarta masa saboda ya shayar da kare ruwa. In za'a yi to likita ne zai yi, a masa allurar barci da ta kashe zafi, a ɗinke, ka kula da shi kamar sati 2 kar ya riƙa lasar wajen har ya warke. In ba ka da kuɗin a yanzu ka haƙura ka tara, kafin nan ka ƙara tsayin katanga.

Batun lokaci kuma ba fannina bane, na likita ne. Abinda suke faɗa shine in karen irin manyan nan ne na turawa gara a jira ya kai shekara 1 ko fiye ƙashinsa ya gama ƙwari, irin namu na gida kuma ana iya yi kafin haka, sai ka tambayi wanda ya duba shi. Kuma kar ka sa rai da yawa, dandaƙa tana rage yawon bin mata da faɗa da sauran maza, amma in cizonsa na tsoro ne ko dan ana dukansa ana barinsa a ɗaure cikin rana babu ruwa, to ba za ta gyara shi ba, kai ne za ka gyara. Gadi da haushi kuwa yawanci ba ya dainawa, sai dai ka lura da cimarsa dan suna saurin yin ƙiba bayan aikin. In ka kai shi ka roƙi likitan ya duba kunnen nan da ya yage, ya haɗa masa da rigakafin haukan kare in ba'a yi masa ba.

Wallahu a'alam.