Amsa: Da wace waƙar Duke Ellington zan fara?

Ɗan'uwa, tunda ka tambayi inda za ka fara sauraren ƙungiyar makaɗan jazz ta Duke Ellington, ɗan Amurka, ka nemi "Take the A Train" ta 1941. Ita ce takensu, ko da yake Billy Strayhorn ne ya tsara ta, ba Duke ba. Daga nan sai "Mood Indigo" ta 1930, mai sanyi.

Amma ni a ganina daɗin ƙungiyar yana wurin masu busa. Johnny Hodges yana busa saksofon kamar mai rarrashi, Harry Carney kuwa ya riƙe ƙasan sautin da babban saksofon mai kaurin murya tun 1927 har rasuwar Duke a 1974. Kada ka tsallake wasansu na bikin kiɗan jazz na garin Newport na 1956, inda Paul Gonsalves ya yi doguwar busar da ta tayar da jama'a tsaye, ta kuma farfaɗo da sunan ƙungiyar a Amurka.