Yaya Aka San Siffar Tsirran Farko a Doron Ƙasa?

Tambaya: Malam, na ji ana cewa masana na amfani da kwamfuta wajen gano yadda tsirran farko suka bar ruwa suka zauna a tudu. Tunda babu wanda ya gani da idonsa, shin wannan ba hasashe ba ne kawai? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Tambayarki tana kan hanya, sai dai aikin ya fara ne daga dutse kafin ya kai ga kwamfuta. A ƙauyen Rhynie da ke arewacin Sikotland akwai dutse mai shekaru kusan miliyan 407, inda ruwan maɓuɓɓuga mai zafi ya daskarar da tsirrai a wurin da suka tsiro, har idan aka yanka shi siriri aka duba da madubin ƙara girma, ana ganin ƙwayoyin jikinsu da ƙananan ƙofofin da suke shaƙar iska ta cikinsu. Wasu masanan tsirrai biyu, Kidston da Lang, su ne suka bayyana waɗannan tsirrai tsakanin 1917 da 1921. Yawancinsu ba su da ganye ko saiwa ta gaskiya, kara ne kawai mai rabuwa gida biyu, ɗauke da jakar iri a kai, tsayinsa kamar taƙi guda.

Irin wannan karan ne Karl Niklas na Jami'ar Cornell a Amurka ya shigar cikin kwamfuta tun shekarun 1980. Ya riƙa sauya yawan rassa da kusurwar da suke fita, sannan ya auna kowace siffa da ayyukan da tsiro yake bukata a tudu: kama hasken rana, watsa iri a iska, da tsayuwa ba tare da ya karye ba. Abin da ya fi burge ni shi ne, idan aiki ɗaya aka nema, siffofi kaɗan ne ke cin nasara, amma idan aka haɗa ayyukan, siffofi masu yawa ne ke yin kunnen doki. Wannan ya taimaka wajen fahimtar yadda tsirrai suka rarrabu iri-iri tun a zamanin Devonian, wato zamanin da tsirran Rhynie suka rayu.

Dutsen ne kuma yake gyara lissafin. A 2023 masu bincike a Jami'ar Edinburgh sun sake gina tsiron Asteroxylon na Rhynie a kwamfuta daga yankakken dutse, suka tarar jeruwar ganyayensa a jikin kara ba ta bi tsarin lissafin Fibonacci (jerin lambobi da kowace lamba take jimillar biyun da suka gabace ta) da akasarin tsirran yau suke bi ba, alhali an daɗe ana zaton tsarin nan ne na asali.