Ɗan wasa da siyasa a cikin fili

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ya dace ɗan wasa ya riƙa isar da saƙon siyasa a tsakiyar wasa. A ganina ya dace, matuƙar ba cin zarafin wani addini ko ƙabila ba ne, kuma ya shirya ɗaukar hukuncin da zai biyo baya.

Dokar ƙwallon ƙafa dai a fili take: an hana rubutun siyasa ko na addini a jikin kayan wasa, har da rigar ciki. A gasar cin kofin Afirka ta 2008 a Ghana, Mohamed Aboutrika na Masar ya ci Sudan a Kumasi, ya ɗaga rigarsa ya nuna saƙon tausaya wa Gaza, alƙalin wasa ya ba shi katin gargaɗi. Frederic Kanoute ma ya nuna sunan Falasɗinu a 2009 lokacin yana Sevilla, aka ci tararsa.

Inda abin ke ba ni haushi shi ne fuska biyu. A Fabrairun 2022, kwanaki kaɗan da shigar Rasha Yukren, FIFA da UEFA suka dakatar da ƙungiyoyin Rasha. To wannan ba siyasa ba ce? Ashe manya ne kawai ke zaɓar wadda za ta shiga fili.

Masu cewa a bari sai an tashi wasa suna da hujja, don 'yan kallo nishaɗi suka zo yi. Amma da Tommie Smith da John Carlos, 'yan tseren Amurka da suka ɗaga hannu don nuna adawa da wariyar launin fata a gasar Olympics ta Mekziko a 1968, sun jira sai sun koma gida, wa zai gan su?