Bugi-ruga, sanda mai tumbi, da "wasa farin girki"

Wasiƙun wannan makon galibinsu daga wuri guda suka fito, unguwar Bronx ta birnin New York a Amurka, inda 'yan'uwanmu na zangunan Gana da na Nijar suke zaune da iyalansu, kuma inda filin ƙungiyar Yankees ta wasan besbol yake a kan titi na 161. Tun da aka buɗe wasannin shekarar ranar 27 ga Maris 2025, yaransu ba su da zance sai na ƙungiyar, iyaye kuwa suna neman bakin da za su shiga zancen da Hausa. Abin ya faranta mini rai ƙwarai. Bismillah.

Wani direban tasi haifaffen Kumasi ya ce: "Malam, ɗana ya ja ni kallon besbol har na fara ganewa. Mene ne sunansa da Hausa? Na ji wasu suna cewa ƙwallon gora."

Alhaji, Allah ya raya yaron. Ni ma na ji ana cewa ƙwallon gora, amma sunan bai kwanta mini ba. Na farko, akwai masu kiran wasan hoki da shi, kuma suna ɗaya ba ya ɗaukar wasa biyu. Na biyu, wanda ya san gora ya san doguwa ce, irin wadda ake tokare rumfa da ita ko makiyayi ya saɓa a kafaɗa, alhali dokar wasan nan ta hana sandar ta wuce inci 42. Mu duba yadda magabatanmu a aikin rediyo suka yi da wasan da Turawa ke rungumar ƙwallo su ruga da ita. Ba su tsaya kwatanta siffar ƙwallon ba, aikin suka kalla, suka ce zari-ruga. Wannan ƙirar tsohuwa ce a harshenmu, a ɗauki aikatau biyu cikin sigar umarni a haɗa su su zama suna: faɗi-tashi, shige-da-fice, taɓa-ka-lashe, faɗi-ka-mutu. Kowanne cikinsu da ka ji shi ka ga abin a idonka. To a besbol me ake yi? A jefo maka ƙwallo, ka buge ta, ka yar da sanda ka ruga. Bugi-ruga ke nan. Da farko doki-ruga ya zo mini, sai na ga a rubuce za a zaci dokin hawa ake nufi, ga shi muna da ƙwallon dawaki. Ku gwada bugi-ruga a gida tsawon wata guda. In ya zauna a bakin yara, ya zama Hausa. In kuwa besbol ɗin ce ta fi musu sauƙi, ba haramun ba ce, mun ari mota da burodi ba mu rasa komai ba.

Wuraren tsayawa ukun nan da mai gudu ke bi, ƙafa 90 tsakanin kowanne da na gabansa, kada ku nemi suna nesa. Zango ne. Fatake ba sa isa gida sai sun yada zango, mai gudu ma haka: zangon farko, na biyu, na uku, sannan gida. Ku da kuka tashi a zango kun fi kowa cancantar ku ba wasan wannan kalmar.

Wani ɗalibi ya rubuto: "Ranar 29 ga Maris Yankees sun ci Milwaukee Brewers 20 da 9. Na rubuta cewa sun zura ƙwallaye 20 a raga, babana ya ce ba haka ba ne."

Ɗana, babanka ya yi gaskiya, ka gaishe shi. Ina ragar take? Wannan cuta ce da ƙwallon ƙafa ta sa mana, duk wasan da aka gani sai a lulluɓa masa rigarta. A bugi-ruga ba shigar ƙwallo ake ƙirgawa ba, isar mutum gida ake ƙirgawa. Mu kuwa muna da wasan da ke kan wannan tsari tun kaka da kakanni. Muna yara, da farin wata, mukan taru a dandalin ƙofar gidan mai unguwa mu yi langa. Kowa ya riƙe babban yatsan ƙafarsa ta baya yana ɗingishi da ɗaya, ƙura na tashi, ana ture juna, duk don a buɗa wa mutum ɗaya hanya, wanda muke kira ruwa. In ya kai wurin da aka shata ba a kayar da shi ba, sai ihu ya tashi: "Ya sha!" To haka za ka ce. Yankees sun sha 20, Brewers sun sha 9. In kana son kalmar makaranta, ka ce maki 20.

A wasan ranar nan sau 9 'yan Yankees suka buga ƙwallo ta ƙetare katanga, abin da ƙungiyar ba ta taɓa yi a wasa guda ba. Jifa ukun farko da Nestor Cortes, mai jefa ƙwallo na Brewers, ya yi, wanda a 2024 ɗan Yankees ne, duk waje suka fita, daga sandar Paul Goldschmidt, da Cody Bellinger, da Aaron Judge, kuma Judge bai bar filin ba sai da ya yi uku shi kaɗai. Irin wannan ni bugun ƙetare nake ce masa. A nan kam kana da damar ka ce sun lallasa su, ko sun casa su, kamar yadda ake casa hatsi a turmi. Abin da ke ɓata mini rai shi ne masu ba da labarin wasanni da ba su san wata kalma ba sai lallasa. Wasan buɗewa 4 da 2 aka tashi, wannan dokewa ce kawai. Na uku 12 da 3, wannan ya kai casawa. In ka lallasa mutum a kan tazarar biyu, ranar da aka yi 20 da 9 da me za ka faɗa?

Wata malama ta tambayi sunan kashi tara da ake raba wasan. Malama, 'yan dambe sun riga sun ba mu: turmi. Turmi tara.

Wani kuma yana son sunan mai jefa ƙwallo da mai durƙusawa bayan mai bugu. Majefi, da mai cafewa. Austin Wells mai cafewa ne, kuma shi ya buɗe musu shekarar da bugun ƙetare a turmin farko.

Wani kafinta ɗan Damagaram ya ce: "Malam, sabuwar sandar nan da ake ta ce-ce-ku-ce a kanta, kulki za a kira ta ko taɓarya?"

Malam kafinta, da jin tambayarka na san hannunka ya saba da icce. Ba ko ɗaya. Kulki nauyinsa a kai yake, kamar tsohuwar sandar wasan. Taɓarya kuwa kai biyu gare ta da siririn ƙugu inda mai daka ke riƙewa, wato akasin wannan. Ita sabuwar, an janye kaurin daga can ƙarshe an dawo da shi kusa da hannu, wurin da ƙwallo ta fi yawan samun sandar, sai bakin ya ɗan tsuke. Aaron Leanhardt, masanin fiziks da ya yi karatu a jami'ar MIT, shi ya ɓullo da ita lokacin yana aiki da Yankees, kuma ba ta karya doka ba tunda kaurinta bai wuce inci 2.61 ba. Turawa sun ba ta sunan makamin da jirgin ruwa ke harbawa a ƙarƙashin teku, don shi suka sani. Mu abin da muka gani shi ne tumbi. Sanda mai tumbi. A wasannin nan Anthony Volpe da Jazz Chisholm suna cikin waɗanda suka riƙe ta, Judge kuwa da tsohuwar sandarsa ya yi ukun nan nasa.

Wata uwa, 'yar Nima ta birnin Akara, ta ce: "Malam, da Yankees suka ci wasa uku a jere mijina ya ce wasa farin girki. Ɗiyata ta tambaye ni wane girki ne fari, na rasa amsa."

Ƙanwata, ba ke kaɗai ba ce, na ji manyan mutane sun ɗauka launi ne. Laifin rubutun boko ne da ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti. Fari na launi daban, fari na rashin ruwan sama daban, fari na somawa daban, kuma shi wannan na ukun a ja "fa" ɗin ake yi, kamar a ɗan fari, ko tun da fari. Farin girki shi ne girkin farko. A fahimtata hoton amarya ne ranar da ta fara ɗora tukunya a gidan miji: ƙawaye sun cika tsakar gida, wannan na hura wuta, waccan na jajjage, ana raha, abin kamar wasa. Girkin gaske yana gaba, ranar da kowa ya watse aka bar ta da murhu shekara da shekaru. Don haka in aka ce wasa farin girki, ana nufin abin da aka gani somin taɓi ne, aikin bai kankama ba.

Maigidanki ya ajiye maganar a muhallinta. Wasa 162 kowace ƙungiya ke yi kafin a shiga na fitar da gwani, uku kuwa ko cikin cokali ba su kai ba. Ga shi kuma da Arizona Diamondbacks suka zo Bronx a farkon Afrilu, sau biyu a jere suka doke Yankees. Mai ɗoki zai ce miki Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, dattijo ya amsa masa da ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Duka biyun namu ne, kuma ba sa karo da juna, kowanne da ranarsa.

Bari in ɗan ratse a kan kalmar kaka, don ta daɗe tana min kai-kawo a rai. Mun saba cewa "kakar wasa" ga duk shekarar wasanni, har mun manta kaka lokacin girbi ce, sanda gero ya nuna, ake yanka ana ɗaure dami ana kai wa rumbu. A ƙwallon ƙafa ta Turai kalmar ta goce daga asalinta, don a watan Mayu suke gamawa, muna tsakiyar bazara. A bugi-ruga kuwa ta faɗa daidai wurinta. Ana somawa ƙarshen Maris, a yi ta fama duk tsawon damina, sannan a ɗauki kofi a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, lokacin da manomin Katsina da na Maraɗi ke kai amfaninsu gida. Saboda haka in na ji an ce "farkon kaka" a watan Afrilu sai kunnena ya yi ƙaiƙayi. Wannan sharar gona ce. Yankees sun sani, don a 2024 sun kai har zagayen ƙarshe Los Angeles Dodgers suka kwashe girbin da cin wasa 4, su kuwa 1, kuma rabonsu da kofi tun 2009, wanda shi ne na 27. Ban ce a daina cewa kakar wasa ba, ta riga ta zauna. Ina son dai mai faɗa ya ji ƙamshin sabon gero a cikinta.

Wani ma'aikacin asibiti ya ce: "Gerrit Cole ya samu rauni, ko ya ji rauni?"

Ɗana, rauni jin sa ake yi. Samu na alheri ne, a samu ƙaruwa, a samu lafiya, a samu sauƙi. "Ya samu rauni" daga teburin masu fassarar gaggawa ta fito. Kuma harshenmu bai talauce ba da za a ce komai rauni: akwai targaɗe, akwai gocewar ƙashi, akwai tsagewa, akwai karaya, kowane maɗori ya san bambancinsu. Na Cole jijiyar gwiwar hannu ce, aka yi masa tiyata a watan Maris 2025, kuma bai yi jifa ba duk shekarar, shi da ya zama gwarzon majefa na rukuninsu a 2023. Tiyatar tana ɗauke da sunan Tommy John, majefin da likita Frank Jobe ya fara yi wa ita a 1974. Luis Gil da Giancarlo Stanton su ma ba a fara da su ba. Takardar da ake rubuta sunayensu a cire su daga cikin 26 da ke bakin aiki, ka kira ta jerin masu jinya.

Wani matashi ya tambaya ko daidai ne a ce an sayar da ɗan wasa Juan Soto.

A'a. Wa'adinsa da Yankees ya cika, ya zama mai ikon kansa, ya sa hannu da New York Mets a Disamba 2024 kan dala miliyan 765 na shekara 15. Sauya sheƙa ya yi, kuma bai yi nisa ba, daga Bronx zuwa unguwar Queens, duk a New York. Wanda za a ce an yi ciniki a kansa shi ne Devin Williams, da aka karɓo daga Brewers aka ba su Cortes da Caleb Durbin. Ko shi ma musaya ce, ba ni gishiri in ba ka manda.

Wani wanzami ya ce ya ji an halatta wa 'yan ƙungiyar ajiye gashin fuska, yana son a bambance masa sunayen don yaran shagonsa.

Sarkin aska, kai za ka koya mini, amma ga abin da na sani. Gashin baki na saman leɓe ne, shi dama dokar da mai ƙungiyar na lokacin, George Steinbrenner, ya kafa a shekarun 1970 ba ta hana ba. Saje na gefen kunci ne, gemu na haɓa, wanda Sakkwatawa ke ce wa geme, ƙasumba kuwa idan duk sun haɗe sun cika fuska. A Fabrairu 2025 ɗansa Hal Steinbrenner ya ba da izinin gemu, da sharaɗin a riƙa gyara shi. Ka gaya wa yaran kada su ce gemu in saje suke nufi.

Ta ƙarshe daga wata yarinya 'yar shekara goma sha biyu: "Malam, Judge kyaftin ne. Akwai ta Hausa?"

Akwai, 'yata. Tunda mun riga mun yada zango uku, ki kira shi madugu.